GWAJIN WAYOYI DA MAHAƊAN LANTARKI NA MANYAN INJUNA

Gabatarwa

Kowa ya san irin ɗimbin kuɗin da gwamnati da kamfanoni da ƙungiyoyin manoma suke kashewa wajen sayo manyan injuna irin su katafila da gireda da tarakta da injin haƙa ƙasa. Yawancin waɗannan injuna daga ƙasashen waje ake kawo su, haka nan kuma kayan gyaransu. In inji ɗaya ya tsaya a tsakiyar rani, aikin hanya ya tsaya ke nan, ga leburori zaune ana biyansu, ga damina tana matsowa. In kuwa tarakta ce ta ƙi tashi a makon da ruwan shuka ya sauka, asarar tana iya shafar abincin gari guda.

Abin takaici shi ne, sau da yawa abin da ya tsai da injin bai taka kara ya karya ba. Wata waya ce ta saki, ko tsatsa ta ci bakin wani mahaɗi, ko fis ya ƙone. Amma da yake ba a auna ba, sai a yi ta kirdado. A sauya batir, a sauya sitata, a aika Ikko ko Kano a sayo sabuwar oltaneta, alhali kuwa duk waɗanda aka cire lafiyarsu ƙalau. An shirya wannan ɗan littafi ne domin kanikawa da masu wayarin da direbobin manyan injuna da shugabannin gareji, don su san yadda ake aiki da ma'aunin nan da ake kira maltimita a gano inda cutar take kafin a taɓa aljihu.

Kashi na Ɗaya: Abubuwa Uku da Ake Aunawa

Wutar lantarki ba ta aiki sai ta sami hanyar zuwa da ta komowa. Takan fito daga kan batir mai alamar tarawa, ta bi ta fis da makunni da wayoyi har ta isa abin da za ta yi wa aiki, kamar fitila ko sitata, sa'an nan ta bi ta jikin ƙarfen injin, watau bodi, ta komo kan batir mai alamar ɗebewa. Wannan zagaye shi ake kira kewayen wuta. Ko'ina aka sami cikas a cikinsa, ko a hanyar zuwa ko a ta komowa, aiki ya ɓaci.

Abu na farko da ake aunawa shi ne ƙarfin da yake tura wutar, ana ƙidaya shi da bolt, alamarsa a jikin mita kuwa harafin V. Na biyu shi ne yawan wutar da take gudana cikin waya, ana ƙidaya shi da amfiya, alamarsa A. Na uku shi ne turjiya, watau yadda waya ko wani abu yake hana wutar wucewa, ana ƙidaya ta da om, alamarta Ω. In an kwatanta da ruwan famfo, bolt shi ne matsin ruwan, amfiya yawan ruwan da yake zuba, turjiya kuwa ƙuncin bututun ko dattin da ya taru a ciki.

Wani masani Bajamushe mai suna Georg Ohm ya bayyana dangantakar waɗannan abubuwa uku a shekarar 1827. Ƙa'idarsa ita ce: in an ninka amfiya da om, abin da ya fito shi ne bolt. Alal misali, naɗin waya mai turjiyar om 12 a injin da yake aiki da bolt 24 zai ja amfiya 2. Duk wanda ya riƙe wannan ɗan lissafi zai gane dalilin kowane gwaji da za a bayyana nan gaba.

Kashi na Biyu: Sanin Mita

Maltimita na'ura ce guda da ta haɗa ma'aunan nan uku. Wani injiniyan gidan waya na Ingila mai suna Donald Macadie ne ya ƙago irin wadda ta fara yaɗuwa, aka soma sayar da ita da sunan Avometer a 1923. Irin ta dā allura gare ta mai yawo a kan lambobi. Tun daga shekarun 1970 mai nuna lambobi a gilashi ta fara maye gurbinta, kuma ita ce ta dace da injunan da suke da kwamfuta, domin wutar da take ja daga kewayen da ake aunawa ba ta kai ta kawo ba.

Mita tana da maɓalli mai juyawa da ake zaɓen abin da za a auna, da ramuka uku ko huɗu, da wayoyi biyu masu tsinke a baki, ja da baƙi. Baƙin kullum yana shiga ramin da aka rubuta wa COM. Jan yana shiga ramin V da Ω in za a auna bolt ko om, ba ya komawa ramin A sai in za a auna amfiya. Wutar batir mai tafiya gefe ɗaya ce, alamarta V da miƙaƙƙen layi a kai. V mai lanƙwasasshen layi na irin wutar gida ne. In mitar ba mai zaɓar wa kanta mataki ba ce, a sa ta a 20 don inji mai bolt 12, a sa ta a 200 don mai bolt 24.

Kafin a fara aiki, wajibi ne a gwada mitar ita kanta. A juya ta zuwa om, a haɗa bakin tsinkayen biyu. Za ta nuna ɗan abin da bai kai rabin om ba, wannan kuwa turjiyar wayoyinta ce, sai a riƙa ɗebe shi daga duk ƙaramin awon da aka samu. In an raba tsinkayen za ta nuna OL, wata kuma lamba 1 ita kaɗai a gefen hagu, ma'ana babu hanya. Bayan haka a auna batirin da aka tabbata yana da caji. Mitar da batirinta ya yi sanyi takan ba da lambar ƙarya, saboda haka da zarar alamar batir ta fito a gilashi a sauya shi.

Kashi na Uku: Tsare Rai da Lafiya

Bolt 12 ko 24 ba ya kashe mutum ta hanyar ja, amma batirin babban inji yana iya fitar da ɗaruruwan amfiya cikin ƙiftawar ido. Sufana da ta haɗa kan batir da bodi tana iya narkewa, zoben da yake yatsa kuwa ya yi ja ya ƙone nama har ƙashi. Lalle ne a kiyaye waɗannan:

1. A tsai da inji a wuri mai baiɗaya, a sauke garmarsa ko bokitinsa har ƙasa, a ja birki, a sa wa ƙafafu weji. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin abin da man haidirolik kaɗai yake riƙe da shi.

2. A zare makulli, mai gyara ya sa shi a aljihunsa, a rataya takardar gargaɗi a wurin zaman direba. In gwajin yana bukatar a murɗa makulli, mutum ɗaya tak zai zauna a kujera, kuma ba zai murɗa ba sai mai gyara ya ba shi izini da babbar murya.

3. A cire zobe da agogo da sarƙa. Babbar riga da rawani ba kayan aiki kusa da fanka da bel ba ne.

4. Batir yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta, musamman lokacin caji. Ba a shan taba kusa da shi, ba a kuma goga waya a kansa don a ga tartsatsi. In ruwan batir ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta har minti 15, a tafi asibiti.

5. In za a cire batir, a fara kwance kan ɗebewa. In za a mayar, shi ne na ƙarshe.

6. Wayoyin allurar mai na wasu injuna masu kwamfuta suna ɗaukar wuta kusan bolt 100 ko fiye in inji yana tafiya. Injuna masu tafiya da lantarki kuwa suna da manyan wayoyi masu launin ruwan lemo, ɗauke da ɗaruruwan bolt. Waɗannan suna kisa, ba mai taɓa su sai wanda aka horar musamman.

Kashi na Huɗu: A Fara da Batir

Ba a gwada komai sai an tabbatar da batir, domin shi ne tushe. A kashe inji, a bar shi ya huta na 'yan sa'o'i in an jima da yi masa caji, a ɗora jan tsinke a kan tarawa, baƙi a kan ɗebewa. A taɓa dalmar batirin ita kanta, kada a tsaya a kan maƙalin da ya riƙe ta. Batir mai cikakken caji yana nuna kimanin 12.6. In ya nuna 12.4 saura wajen kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa.

Yawancin manyan injuna suna aiki da bolt 24, watau batir biyu da aka jera, kan tarawar ɗaya haɗe da kan ɗebewar ɗayan. Duka biyun tare za su nuna kimanin 25.2, amma tilas ne a auna kowanne shi kaɗai. In ɗaya ya bambanta da ɗan'uwansa ƙwarai, akwai dalili. Sau da yawa dalilin shi ne an jawo waya daga batir ɗaya don rediyo ko cajin wayar hannu. Wannan ɗabi'a tana sa ɗaya ya rasa caji ɗayan kuma ya sha fiye da kima, a ƙarshe a rasa su duka. Abin da ya dace shi ne a sa na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12.

Sa'an nan a auna lokacin da sitata take juya inji. Batir mai bolt 12 bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba, masu bolt 24 kuwa kimanin 19. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 30, a kuma bar sitata ta huce minti biyu kafin a sake. In inji ya tashi, a ɗan ƙara masa wuta a sake aunawa. Oltaneta mai lafiya tana ba da tsakanin 13.8 da 14.5 a inji mai bolt 12, a mai 24 kuwa wajen 27.5 zuwa 28.5. In lambar ba ta haura ta lokacin da inji yake kashe ba, babu caji, amma kafin a hukunta oltaneta a duba bel da wayoyinta.

Kashi na Biyar: Duba Mahaɗan Wayoyi

Mahaɗi, wanda masu wayarin suke kira soket, shi ne wurin da damin wayoyi biyu suke gamuwa, fil namiji ya shiga ramin mace. A nan ne yawancin ɓarna take farawa, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A Ikko da Fatakwal da Warri laima da iskar teku mai gishiri ne suke cin ƙarfe. A arewa ƙurar hunturu da zafin bazara ne suke busar da roba har ta tsattsage. Girgizar inji da ruwan wanki mai ƙarfi da ɓeraye kuwa ba su bar ko'ina ba.

Manyan injuna da yawa suna da mahaɗai irin na Deutsch, masu fil 2 ko 3 ko 4 ko 6 ko 8 ko 12, da robar toshiya a gaba da baya don hana ruwa shiga. Ga yadda ake duba su:

1. A kashe makulli kafin a raba mahaɗi. A danna maƙullin da yake jikinsa a ja gangar jikin, ba a jan wayoyi.

2. A haska ciki da tocila. A nemi kore-kore ko fari-fari a kan fil, da laima, da baƙin ƙuna, da robar da ta narke, da fil ɗin da ya lanƙwashe ko ya nutse baya ya fi 'yan'uwansa gajarta.

3. A duba robar toshiya. Duk ramin da babu waya a cikinsa dole ya kasance da ɗan marfinsa, in ba haka ba ruwa zai shiga ta nan.

4. A ja kowace waya ɗaya bayan ɗaya daga baya. Littattafan gyara na kamfanin Caterpillar sun ƙayyade ja mai nauyin kimanin kilo huɗu da rabi. Wayar da aka matse da kyau ba za ta zare ba.

5. A ɗauki sabon fil namiji irin nasa a zura a kowane ramin mace. In ya shiga ya fita ba tare da an ji ya kama ba, ramin ya buɗe, sai a sauya shi.

Abu biyu ne suke lalata mahaɗi a hannun mai gwaji. Na farko cusa tsinken mita cikin ramin mace da ƙarfi, wanda yake buɗe ramin ya haifar da cutar da dā babu ita. Na biyu huda robar waya da allura don a taɓa jan ƙarfen ciki. Ramin da allura ta bari ƙofar ruwa ce, bayan 'yan watanni wayar ta ruɓe daga ciki ba mai gani. Bakanike mai hankali yakan haɗa wa kansa gajerun wayoyin gwaji masu fil irin na injin, ko ya yi aiki da mahaɗin gwaji da ake sakawa tsakanin ɓangarorin biyu. Wajen tsabtacewa kuwa a yi amfani da maganin fesawa na wanke mahaɗan lantarki da ɗan buroshi mai laushi. Wuƙa da takardar yashi suna kankare rufin da yake kāre fil daga tsatsa.

Kashi na Shida: Gwajin Turjiya

Ba a auna om a kewayen da yake da wuta. Mita tana tura 'yar wutarta ne ta auna, in ta gamu da ta batir sai ta ba da ƙarya ko ta lalace. Saboda haka a kashe babban makunnin batir ko a cire kan ɗebewa, a kuma raba abin da za a auna daga sauran kewayen. A injunan zamani masu tankin ruwan tace hayaƙi, a jira fitilar da take kusa da babban makunni ta mutu, ko a ba shi 'yan mintoci bayan kashe makulli, kafin a yanke wuta.

Don neman wayar da ta tsinke, a sa tsinke ɗaya a wannan baki ɗaya a wancan. Waya mai lafiya tana nuna ƙasa da om ɗaya ko kusa da haka. OL na nufin ta tsinke. In wayar doguwa ce, a haɗa ta da wata 'yar'uwarta a can ƙarshe da guntuwar waya, a auna su biyun daga wannan gefe.

Don neman wutar da ta yi ratse, watau wayar da ta goge ta taɓa bodi har fis yake ƙonewa, a cire fis ɗin, a cire fitila ko duk abin da wayar take kai wa wuta, a auna tsakanin wayar da bodi. Kamata ya yi a ga OL. In an ga lamba kusa da sifiri, akwai ratse. Sai a bi mahaɗan da suke kan hanya ana raba su ɗaya bayan ɗaya. Inda aka raba lambar ta koma OL, ɓarnar tana gaba da wurin. Cutar da take zuwa tana tafiya kuwa ana kama ta ne ta girgiza damin wayoyi da hannu ana kallon gilashin mita.

Fis mai lafiya yana nuna kusan sifiri. Launinsa yana faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Fis ba ya ƙonewa banza. Wanda ya maye gurbinsa da waya ko takardar ƙarfe ta kwalin taba ya mai da damin wayoyi duka ya zama fis, ƙarshen abin kuwa gobara. Rile yana da lambobi a ƙafafunsa: 85 da 86 su ne naɗin da yake jan makunni, 30 shigar wuta, 87 fitarta. Tsakanin 85 da 86 na rile mai bolt 12 akan sami om 50 zuwa 120, na mai bolt 24 kuwa ya ninka haka wajen sau huɗu.

Kashi na Bakwai: Gwajin Asarar Ƙarfi

Gwajin om yana da iyaka, kuma nan ne da yawa suke ruɗuwa. Babbar wayar sitata da duk silinta suka tsinke saura ɗaya za ta nuna lafiya a mita, har ƙararrawar mitar ta yi kuka, amma ba za ta iya ɗaukar wutar sitata ba. A ɗauka wani maƙali ya yi tsatsar da turjiyarta om 0.01 ce kacal. Mitar hannu ba za ta ga wannan ba. Amma in sitata ta ja amfiya 300, bisa ƙa'idar Ohm an yi asarar bolt 3 a wurin, kuma wurin zai yi zafi kamar murhun lantarki.

Haka nan in an cire mahaɗin fitila aka auna, ana iya ganin bolt 25 cif, a ce wuta tana zuwa. Da an mayar da fitilar sai lambar ta faɗi zuwa 9. Dalili shi ne mita ba ta jan wuta, saboda haka ruɓaɓɓiyar waya ma tana isarta. Darasin shi ne, ana auna kewaye ne yana cikin aiki, komai a haɗe.

Yadda ake yi: a sa mita a bolt, a ɗora tsinke ɗaya a farkon waya ɗaya a ƙarshenta, a kunna abin. Lambar da ta fito ita ce ƙarfin da ya salwanta a tsakani. A wayoyin sitata, zuwa da komowa gaba ɗaya, asarar kada ta wuce rabin bolt a inji mai 12, ko bolt ɗaya a mai 24. A mahaɗi guda kuwa kanikawa sun saba ɗaukar 0.1 a matsayin iyaka. In ana so inji ya juya ba tare da ya tashi ba, a yanke masa mai yadda littafinsa ya nuna.

Ga misali. A ɗauka wata katafila mai bolt 24 ta ƙi tashi, in an murɗa makulli sai a ji ƙas, sitata ta yi nishi ta tsaya. Direba ya ce batir ne, wani ya ce sitata ce. Mai wayarin ya auna batir, ɗaya 12.6 ɗaya 12.5. Aka murɗa makulli, batiran tare suka nuna 23.8, watau ba su gaza ba. Ya auna tsakanin babban kan sitata da jikinta, ya sami 14. Ke nan bolt 9.8 sun ɓace a hanya. Daga kan tarawa zuwa sitata ya sami 0.3, wannan gefe lafiya. Daga jikin sitata zuwa kan ɗebewa ya sami 9.5. Ya bi hanyar komowa gaɓa-gaɓa: babban makunni 0.2, wayar batir 0.1, inda aka ɗaure waya a bodi kuwa 9.2. Da aka kwance notin sai ga tsatsa da fenti a ƙarƙashi. Aka kankare har ƙarfe ya fito fes, aka ɗaure tam, aka shafa giris a kai, inji ya tashi bugu ɗaya. Ba a sayi komai ba.

Kashi na Takwas: Amfiya da Kewayen Kwamfuta

Auna amfiya ya bambanta da sauran, domin sai an yanke kewaye an sa mita a tsakani wuta ta bi ta cikinta. Yawancin mitoci ba sa ɗaukar fiye da amfiya 10. Wanda ya bar jan tsinke a ramin A ya ɗora a kan batir biyu ya ƙone fis ɗin mitar, in ba ta da fis kuwa ita kanta, wataƙila har da hannunsa. Da an gama a mai da jan tsinke ramin V. Wutar sitata da ta oltaneta sai da mita mai baki kamar ƙaguwa, wadda ake maƙala wa waya, kuma irin mai auna wutar batir.

In batir yana mutuwa cikin dare, a kashe komai, a cire kan ɗebewa, a sa mita tsakaninsa da wayarsa, a jira kwamfuta ta yi barci. Abin da ya saura bai kamata ya wuce ɗan ƙaramin kashi na amfiya ɗaya ba. In ya yi yawa, a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Kada a murɗa makulli mita tana haɗe haka.

Injunan zamani suna da kwamfuta da sensa masu kai mata labarin zafi da matsin mai da gudu. Sensa mai waya uku yawanci tana karɓar bolt 5 daga kwamfuta, wasu 8, waya ta biyu ta komowa ce, ta uku kuwa tana mai da saƙo tsakanin 0.5 da 4.5. Da yake sensa da yawa suna shan wuta daga waya ɗaya, in ɗaya ta yi ratse duk sai su mutu tare. A riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya har bolt 5 ya dawo, wadda aka cire ta ƙarshe ita ce mai laifi, ko wayarta.

Kwamfutocin inji suna magana da juna ta wayoyi biyu da aka murɗe tare, bisa tsarin J1939, yawanci rawaya da koriya. A kowane ƙarshen layin akwai turjiya mai om 120. In an yanke wuta aka auna tsakanin wayoyin biyu, a mahaɗin bincike mai fil 9 kuwa su ne C da D, za a sami om 60. In an sami 120, ɗaya ta ɓace ko layi ya tsinke. In an sami kusan sifiri, wayoyin sun haɗu. Fitilar gwaji mai ƙwai ba ta shiga waɗannan wurare, domin wutar da take ja tana iya ƙona kwamfuta. Haka kuma kafin a yi walda a jikin inji, a yanke batir, a bi umarnin kamfani game da cire mahaɗan kwamfuta, a kuma maƙala wayar bodin walda kusa da inda ake aiki.

Kammalawa

Lambobin da aka kawo a nan na gama-gari ne. Inda littafin kamfanin da ya ƙera inji ya faɗi daban, maganarsa ake bi. Ya kamata kowane gareji ya ajiye taswirar wayoyin injunansa, da mita mai kyau, da littafin da ake rubuta awon batir da na caji kowane wata, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son ƙarin ilmi yana iya neman horo a kwalejojin fasaha, ko a cibiyoyin Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, watau ITF, wanda aka kafa a 1971 mai hedkwata a Jos, ya kuma zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya.

Tsarin aikin dai bai sauya ba: a tsare lafiya, a gwada mita, a tabbatar da batir, a duba da ido, a auna kewaye yana cikin aiki, a bi hanyar komowa kamar yadda aka bi ta zuwa. Kada a cire wani abu daga jikin inji sai mita ta ba da shaida a kansa.

Tambayoyin Bita

1. Me ya sa ba a auna om a kewayen da yake da wuta?

2. Batir biyu na inji mai bolt 24, ɗaya ya nuna 12.6 ɗaya 11.9. Mene ne zai iya jawo haka?

3. Maƙali mai turjiyar om 0.02 yana ɗauke da amfiya 200. Bolt nawa ya salwanta a wurin?

4. Waɗanne abubuwa biyu ne mai gwaji yake yi da suke lalata mahaɗi?

5. An auna wayoyin maganar kwamfuta aka sami om 120. Me wannan yake nufi?